Kowane ɓangare ya ci awo, amma injin ya ƙi zama: yadda nake lissafin bambancin awo a wurin haɗa kaya

A masana'antar da nake aiki a Kano muna haɗa injinan niƙa da na casar shinkafa. Wata shekara, daidai lokacin kaka da aiki ya yi yawa, sai injinan niƙa suka riƙa dawo mana da ƙorafi iri ɗaya: boris yana zafi, kafin wata biyu ya mutu. Na kwance guda uku, na auna kowane ɓangare ɗaya bayan ɗaya. Gidan boris yana cikin iyakar da zane ya ba shi, zoben da ke tsakanin boris biyu haka, marfi ma haka. Babu wanda za a kama da laifi, amma injin ga shi a gabana ya lalace. Ranar na gane cewa auna ɓangare shi kaɗai ba ya gaya maka abin da zai faru idan an haɗa su. Kuskuren kowanne ƙarami ne, a wurin haɗuwa ne suke taruwa.

Abin da zan nuna a nan shi ne hanyar da nake bi tun daga lokacin. Ba ta buƙatar komai sai takarda, maikuromita (ma'aunin da ke karanta ƙananan awo sosai) da Excel, sai dai idan aikin ya kai na masu haɗa jikin mota, wanda zan taɓa daga baya.

Fara da rata ɗaya tak

Kada ka ce za ka lissafa injin gaba ɗaya. Zaɓi awo guda wanda idan ya ɓaci mai saye zai ji a jikinsa. A wurinmu ratar da ke tsakanin leɓen marfi da boris na waje ce. Idan ta yi ƙasa da milimita 0.10, da zarar injin ya ɗauki zafi marfin zai danne boris. Idan ta wuce 0.50, shaf zai riƙa wasa gaba da baya, faifan niƙa su ƙi tsayawa wuri guda, gari ya fito wani da laushi wani da tsaki. To ka ga muna da iyaka biyu, kuma kowacce tana da dalilinta. Idan ba ka iya faɗin dalilin iyakar da ka rubuta ba, koma ka nemo shi tukuna, domin duk lissafin da zai biyo baya a kanta zai tsaya.

Daga nan sai ka zana sarƙa. Ka sa yatsa a gefe ɗaya na ratar, ka bi ta cikin ƙarfe, daga fuskar da ta taɓa wata zuwa ta gaba, har ka dawo ɗaya gefen. Duk awon da ka bi ta kansa ya shiga sarƙar, wanda ba ka bi ba babu ruwansa. Wanda yake ƙara rata ka sa masa alamar tarawa, wanda yake cinye ta ka sa masa ta ragewa. Ga tamu, duk a milimita, na daidaita lambobin don misalin ya fito sarai:

Zurfin gidan boris 75.00, da sassaucin 0.10 sama ko ƙasa. Shi kaɗai ne mai ƙara rata.
Boris 6205 guda biyu, faɗin kowanne 15.00.
Zoben tsakiya 40.00, sassauci 0.10.
Leɓen marfi 4.80, sassauci 0.05.

Wanda ya yi zanen ya cire 15 da 40 da 15 da 4.80 daga 75, ya samu 0.20, ya gamsu. A nan kuskure na farko yake. Faɗin boris ba ya karkata sama da ƙasa daidai wa daida. Bisa ƙa'idar ISO 492, boris na aji na yau da kullum mai ramin milimita 25 irin 6205 faɗinsa yana tsakanin 15.00 da 14.88, wato ƙasa kawai yake iya yi. Don haka kafin ka yi kowane lissafi, mayar da kowane awo ya zama tsakiya da sassauci iri ɗaya a ɓangare biyu. Boris ɗinmu ya koma 14.94 da sassaucin 0.06. Da ka gyara wannan, tsakiyar ratar ta tashi daga 0.20 ta koma 0.32.

Lissafi biyu, kuma ka yi su duka

Na farko shi ne na mafi munin hali. Ka ɗauka cewa duk ɓangarorin sun haɗa baki sun karkata zuwa gefen da zai cuce ka. Sai ka tara sassaucin kawai: 0.10 da 0.06 da 0.10 da 0.06 da 0.05, ya ba da 0.37. Ratar za ta iya kaiwa 0.69, za ta iya sauka har ƙasa da sifili da 0.05, ma'ana marfin ba zai ma zauna ba. Wannan lissafi ba ya ƙarya, amma yana da tsada. Idan ka ce sai ka cika shi a kowane wuri, za ka matse sassaucin kowane ɓangare har mai injin yankan ƙarfe ya ninka maka kuɗi. Ni ina riƙe shi ne a inda rai yake ciki, kamar birki ko abin da zai iya tsinkewa ya ji wa mutum rauni, da kuma inda sarƙar ba ta wuce ɓangare uku ba.

Na biyu shi ne na ƙididdiga. Da wuya ɓangarori biyar su karkata gefe guda a lokaci ɗaya. Wani ya yi tsawo, wani ya gaza, su rage wa juna. Yadda ake yi: ninka kowane sassauci da kansa, ka tara, ka ɗauki tushen murabba'in jimlar. Namu 0.0100 da 0.0036 da 0.0100 da 0.0036 da 0.0025, jimla 0.0297, tushenta 0.172. Ratar kenan tana tsakanin 0.15 da 0.49. Ta shiga iyakarmu, da ƙyar.

Wannan lissafin yana ba ka wata kyauta da mutane da yawa suke tsallakewa. Raba kowane adadi da jimlar, ka ga kason kowa. Gidan boris yana da kusan kashi 34 cikin 100, zoben tsakiya 34, kowane boris 12, marfi 8. Ashe duk wanda ya ɓata lokacinsa yana matse awon marfi ruwa yake zubawa a kwando. Da yake ana ninka sassauci da kansa ne, babba yana ƙara girma, ƙarami yana ƙara ɓacewa.

Sai dai lissafin ƙididdiga yana da sharuɗɗa uku da yake ɗauka ba tare da ya tambaye ka ba. Yana ɗauka awon kowane ɓangare yana taruwa ne a tsakiyar iyakarsa, yana ɗauka sassaucin da aka rubuta daidai yake da sigma uku a kowane gefe (sigma ita ce ma'aunin yadda awo yake warwatsuwa daga matsakaicinsa), inda kashi 99.73 cikin 100 na kaya suke faɗawa, kuma yana ɗauka babu ɓangaren da ya dogara da wani. Tun shekarun 1960 wani injiniya Ba'amurke, Arthur Bender, ya ba da shawarar a riƙa ninka amsar da 1.5 saboda masana'anta ba ta cika waɗannan sharuɗɗa. Idan muka yi haka, 0.172 ya zama 0.258, ratarmu ta fita iyaka ta ɓangare biyu. Ina amfani da wannan ninkin idan sabon zane ne ba ni da kaya a hannu. Idan akwai kaya, ba na zato, aunawa nake yi.

Je ka auna, amma fara da auna ma'aunin

A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne amsar matsalarmu ta fito.

Kafin ka yarda da kowace lamba, gwada abin awon da masu awon. Ɗauki kaya goma, ka ba mutum uku, kowa ya auna kowanne sau uku ba tare da ya ga abin da ya rubuta a baya ba. Idan bambancin da ke fitowa daga awon kansa bai kai kashi 10 cikin 100 na sassaucin ba, ma'aunin ya yi. Idan ya wuce 30, abin da kake rubutawa rawar hannun ma'aikaci ce, ba girman ƙarfe ba. Baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, mai karanta 0.02 ba ta isa ta yi hukunci a kan sassaucin 0.05 ba. Wannan aikin maikuromita ne, zurfi kuma a auna shi da maikuromitar zurfi.

Ka kula da zafi. Duk awon da ke kan zane, bisa ƙa'idar ISO 1, awo ne a digiri 20 na ma'aunin Selshiyos. Ƙarfe yana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri ɗaya, alminiyam kuwa kusan 0.023. A watan Afrilu a Kano, cikin rumfar kwano, digiri 40 ba labari ba ne. Sandar ƙarfe mai mita ɗaya ta ƙaru da 0.24 kenan. Idan ma'auni da kaya duk ƙarfe ne kuma sun kwana ɗaki ɗaya, tare suke ƙaruwa, babu damuwa sosai. Damuwar tana wurin kayan da aka sauke daga inji yanzu-yanzu da zafinsa aka auna, ko gidan alminiyam da aka zuba masa kayan ƙarfe. Bari kaya ya huce.

Sannan ka auna aƙalla guda talatin na kowane ɓangare, kuma kada su zama na rana ɗaya. Ɗebo na safe da na yamma, na sabuwar wuƙar yanka da na wadda ta fara dakushewa. Fitar da matsakaici da sigma na kowanne a Excel.

Ga abin da na tarar. Warwatsuwar kayanmu ƙarama ce, ta fi abin da zane ya yarda da shi kyau. Sigmar gidan boris 0.025, ta zobe 0.020, ta boris da ta marfi kusan 0.015 kowanne. Idan aka haɗa su ta hanyar murabba'i, sigmar ratar 0.041 ce kacal. Amma matsakaicin kowanne ya gusa. Zurfin gidan boris 74.94, zobe 40.07, leɓen marfi 4.83. Dukkansu suna cikin iyaka, kuma dukkansu sun gusa ne zuwa gefen da yake cinye rata. Tsakiyar ratar ta sauko daga 0.32 zuwa 0.16, kusan sigma ɗaya da rabi kawai tsakaninta da 0.10. Wato wajen inji 7 cikin kowane 100 zai fita da boris a danne.

Na je wurin dattijon da ke kan injin yanka na tambaye shi, "Baba, me ya sa zoben nan kullum yake fitowa a sama?" Ya ce, "Injiniya, idan ya yi tsawo zan mayar da shi kan inji in rage. Idan ya gaza kuwa sai dai a jefar, a cire a kuɗina." Gaskiyarsa. Duk ƙwararren mai yankan ƙarfe haka yake yi: abin da ake yanka ta waje ya bar shi da ɗan kauri, rami kuma ya bar shi da ɗan saura. Wannan ɗabi'a ita ce take karya sharaɗin lissafin ƙididdiga, domin gushewar matsakaici ba ta rage wa juna, taruwa take yi kai tsaye kamar a lissafin mafi munin hali. Don haka ƙa'idar da nake bi ita ce: matsakaitan a tara su da alamominsu, sigma kuma a haɗa ta hanyar murabba'i, kada a cakuɗa su.

Gyaran bai ci mana ko kwabo ba. Mun sauke awon zoben a zane yadda matsakaicinsa zai faɗo wajen 39.93, muka kuma daina cire kuɗin zoben da ya gaza matuƙar yana cikin iyaka. Tsakiyar ratar ta koma 0.30, kusan sigma biyar daga kowace iyaka. Ba mu matse sassaucin kowa ba.

Idan sarƙar ba miƙaƙƙiya ba ce

Misalin da ya gabata duk a layi ɗaya yake. Da zarar kusurwa ta shigo, ko rami mai wasa a kan ƙusa, ko kayan da awonsa bai bi siffar ƙararrawa ba (wato yawanci a tsakiya, kaɗan a gefe biyu), tarawa da ragewa ba su isa ba. Nan ake komawa ga hanyar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a Los Alamos a shekarun 1940. Ma'anarta mai sauƙi ce: ka sa kwamfuta ta haɗa injin sau dubbai, kowane karo ta zaɓo awon kowane ɓangare ba tare da tsari ba amma bisa matsakaicinsa da sigmarsa, sannan ka ƙirga nawa ne suka fita iyaka.

A Excel, kowane ɓangare ka ba shi shafi ɗaya na tsaye, ka rubuta =NORM.INV(RAND(),74.94,0.025) ga gidan boris, sauran ma haka da nasu lambobin. Shafi na ƙarshe ya ɗauki lissafin ratar. Ja shi ƙasa layi dubu goma, ka ƙirga da COUNTIF. Gwada shi da farko a kan miƙaƙƙiyar sarƙar da ka riga ka san amsarta. Idan bai ba ka kusan kashi 7 ba, akwai kuskure a shafinka. Abu biyu ka kiyaye. Idan mai kawo maka kaya yana tsince waɗanda suka fita iyaka kafin ya turo, siffar awonsa tana da yankakken gefe, to ka zaɓo kai tsaye daga lambobin da ka auna. Idan kuma fuska biyu an yanke su ne a ɗauri ɗaya, tare suke gusawa, kada ka ba kowacce nata RAND.

Mazauni ma ɓangare ne

Firam ɗin injin casa walda ake yi masa a matakai, kuma nan ne na ga yawancin injiniyoyi matasa suna mantawa da abin da ya fi komai tasiri, wato mazaunin da ake ɗaure ƙarafa a kai kafin walda, wanda ake ce wa jig. Kowane abu mai tauri yana iya motsi ta hanya shida, gusawa uku da juyawa uku. Ana tsayar da shi da wuraren taɓawa uku a ƙasa, biyu a gefe, ɗaya a ƙarshe, shi ne tsarin 3-2-1. Kowane ɗaya daga cikin shidan nan yana da nasa kuskuren, kuma yana cinyewa da amfani.

Kuskuren turke, wato ɗaya daga wuraren taɓawar nan, ba ya tsayawa yadda yake, nisa yana ninka shi. A ce turaku biyu da ke riƙe ƙarfe suna da tazarar milimita 300, wurin da injin zai zauna kuma yana nisan 900 daga na farko. Idan na biyu ya cinye da 0.2, can ƙarshen ya gusa da 0.6. A lissafinka sai ka ninka sigmar wannan turke da 3 kafin ka ninka ta da kanta, kasonta ya tashi sau tara. Shi ya sa abu na farko da nake dubawa a sabon mazauni shi ne ko za a iya nisanta turakun da juna.

Abu na biyu, ramukan da aka riƙe kaya da su a mataki na farko, da su za a riƙe shi a na biyu da na uku, kuma daga gare su za a auna. Duk lokacin da ka canza wurin riƙo, ka ƙara wa sarƙarka sabon ƙulli.

Masu haɗa jikin mota su suka fi kowa shan wannan wahala, domin jiki ɗaya yana bi ta tashoshi da dama da ɗigon walda dubbai. A farkon shekarun 1990 kamfanonin motocin Amurka da Jami'ar Michigan suka yi wani shiri da aka sani da shirin milimita biyu, don sauke bambancin awon jikin mota zuwa wannan adadi. Daga wannan jami'a ne Jionghua Jin da Jianjun Shi suka fitar a 1999 da tsarin lissafin da ke bin kuskure daga tasha zuwa tasha. Tunaninsa shi ne, karkatar kaya bayan kowace tasha ta ƙunshi abu uku: abin da ya shigo da shi daga baya bayan an sake ɗaure shi, abin da mazaunin wannan tasha ya ƙara, da ɗan abin da ba a iya bayani. Ko ba ka iya lissafin matiris da suka yi amfani da shi ba, kana iya yin haka a takarda. Kowace tasha ka ba ta shafi guda, ka rubuta abin da ya shigo, da me aka riƙe shi, me aka ƙara, me ya fita. Amfaninsa mafi girma shi ne komawa baya. Idan firam goma a jere suka karkata gefe ɗaya da siffa ɗaya, kamar an juya su a kan wuri guda, to turke ɗaya ne ya cinye, kuma shafukan nan za su nuna maka na wace tasha.

Farantin ƙarfe mara kauri kuma dokarsa daban. Maɗauri yana danne shi ya rufe rata, a yi walda, a saki, ya ɗan koma. S. Charles Liu da S. Jack Hu sun nuna a 1997 yadda ake lissafa wannan komawar. Abin da ya kamata mai aiki ya riƙe daga ciki shi ne, idan ka haɗa faranti biyu ɗaya kan ɗaya, siffar da za ta fito ta fi bin mai tauri. Don haka ka kashe kuɗinka wurin daidaita mai kauri, siririn ya bi shi. Akwai manhajoji irin su 3DCS da CETOL da ke yin irin waɗannan lissafe-lissafe kai tsaye daga zanen kwamfuta, amma suna da tsada, kuma lambobin da ka ba su su za su juya maka. Ban ba kowa shawarar ya saya ba sai ya iya fitar da sarƙa ɗaya da hannunsa.

Bayan ka gama lissafi, haɗa guda talatin na gaske ka auna ratar a kowanne, ka gwada da abin da lissafin ya ce. Idan matsakaici ne ya saɓa, yawanci ka manta wani ƙulli a sarƙa, kamar kaurin fenti, ko gasket, ko ƙurar yanka da ta maƙale a gindin rami. Idan warwatsuwa ce ta fi yadda ka zata, duba mazauni da hannun mai haɗawa, musamman yadda yake ɗaure ƙusoshi da wanda yake farawa da shi. Mu yanzu kowace Litinin muna auna zobe biyar da gidan boris biyar, mu ɗiga matsakaicinsu a takardar da ke manne a bango kusa da injin yanka. Idan ɗigo bakwai suka jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, Baba da kansa yake tsayar da inji ya duba wuƙa.